Mai Riƙe wa Kawu Wuƙa

Ofishina a kamfanin Kawu ba shi da taga. Da can ma'ajiyar kwalaye ne. Da na gama karatu aka share shi, aka sa tebur da kujera da fanka, aka ce ga ofishin Injiniya. Injiniyan ruwa ne ni, na karanci yadda ake haƙa rijiya da yadda ake tare kogi, amma shekara da shekaru aikina bai wuce in auna yawan tayil ɗin da zai rufe banɗakin wani ba. Tayil muke sayarwa, da famfuna da bahon wanka. In aka ɗauke wuta sai in zauna cikin duhu ina sauraron takalman mutane a baranda har janareta ya tashi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauke ni bayan rasuwar babana, ya sa ni cikin 'ya'yansa, ko a loma bai taɓa bambanta mu ba. Ba na musun wannan, kuma ko ina so in manta ba a bari, don duk wanda ya gan ni a gari sai ya tuna mini. 'Ya'yansa maza biyu ne. Babban likita ne a wata ƙasa, sai dai mu ga hotonsa. Ƙaramin kuwa gara a bar zancensa. Ni na rage a hannu.

Ana nan sai Dogo, abokin karatuna, ya kira ni. Ya ce ana gina madatsar ruwa a wani gari mai nisa, suna neman mutum irina, ya ba da sunana kuma an yarda. Abu ɗaya ya rage, in ce e kafin a tashi aiki ranar Juma'a, in ba haka ba akwai wani a layi. Wallahi ranar ji na yi kamar an buɗe mini ƙofa bayan na daɗe ina shaƙar hayaƙi. Sauran aiki ɗaya, in gaya wa Kawu.

A kamfaninmu ba a yi wa mutum ƙarin girma da sanarwa. Kawu ba ya cewa wane kai ne mataimakina. Abin da kowa ya sani, daga mai gadi har akanta, shi ne akwai kujera ɗaya a hannun damansa, kuma mai wannan kujera shi ke riƙe da wuƙa. Kawu ba ya taɓa komai da hannunsa a gaban mutane. In an kawo kwalin samfur, sai ya juya kai dama, mai kujera ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu ya yanke igiya. In an kawo wa baƙi lemo, mai kujera ke ferewa. Mu dai muna cewa tsabar isa ce, muna dariya a bayan idonsa.

Wanda ya daɗe a kujerar wani dattijo ne da ake kira Na-Dama, sunansa na yanka ma ya ɓace a bakin mutane. Da baƙin gashi ya zauna a kanta, bai tashi ba sai watan jiya da ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Bai taɓa zuwa inda motar Kawu ba ta je ba. Ranar da matarsa ta haihu, a waya ya ji kukan jaririn, yana tsaye a bayan Kawu a tashar jirgi. Tun tafiyarsa kujerar take wayam, kowa yana satar kallonta, ni kuwa ina kauce mata kamar rami.

Ranar Litinin na yi ta maza na shiga ofishin Kawu. Yana zaune a bayan ƙaton teburinsa, hannuwa a kan cinya kamar kullum.

"Kawu, barka da asuba. Dama akwai wata magana da nake so..."

"Yauwa, ɗan halak, yanzu nake shirin aikawa a kira ka. Ka san shagon nan na bayan banki, mai agogo da alƙaluma?"

"Na sani, Kawu. Amma maganar da..."

"Ka je can ka zaɓi 'yar wuƙa ta aljihu, wadda ta kwanta maka. Na riga na yi magana da matar."

Nan take na gane inda ya dosa.

"Kawu, ai ni..."

"Kada ka ɗauko mini ta mahauta, ka ji ko? Ta mutanen kirki. Ranar Juma'a masu ginin otal za su zo. Je ka, Allah ya yi maka albarka."

To me mutum zai ce bayan an sa masa albarka? Amin na ce, na ja ƙofa na fito, ina jin haushin bakina kamar in cire shi in yar.

Da yamma matata ta tare ni tun daga bakin ƙofa, ko takalmi ban cire ba.

"Ka gaya masa?"

"Na fara."

"Ka fara. To ina ka tsaya?"

Na ba ta labari. Ta ajiye tsumman da ke hannunta, ta zauna a hannun kujera tana kallona. Ita ma ta san zancen wuƙar, babu matar ma'aikaci da ba ta sani ba.

"Abban yara, kada ka je shagon nan."

"In ban je ba matar za ta gaya masa, ya ce na raina shi. Ina da dabara. Zan je in ɗauko mafi muni, ƙatuwa, irin wadda in na zaro ta baƙi za su nemi ƙofa. Yana gani zai ce yaron nan bai dace da kujerar ba. Daga nan maganar tafiya ta zo da sauƙi."

Ta yi wata dariya wadda ba ta daɗi ba.

"Kai? Kai da ka mayar da cokula saboda mariƙinsu bai yi maka daidai a hannu ba? Tunda nake da kai ban taɓa ganin ka sayi abu mummuna ba, ko da gangan. Ka je wurin mutumin nan ka ce Kawu zan tafi. Kalma nawa ce?"

"Ke ba ki san Kawu ba."

"Na san shi. Kai ne ban gama sani ba."

Washegari da rana na je shagon. Ɗan ƙarami ne, mai sanyi, ƙamshin man goge katako ya cika shi, agogon bango suna ta ƙas-ƙas kowanne da nasa lokacin. Mai shagon wata dattijuwa ce mai tabarau rataye a wuya, ita ta ci gaba da riƙe wurin bayan mijinta ya rasu. Tana ganina ta gane ni.

"Ɗan gidan mai tayil ko? Shigo, ɗana. Kai ne sabon."

"Sannu da aiki, Mama. Wuƙa na zo dubawa. Babba nake so. Waccan."

Na nuna wata baƙa a ƙarshen akwatin gilashi, mai haƙora a gindin ruwanta kamar zarto. Ta ɗauko ta miƙo mini, ta ce in sa a aljihun wando in je gaban madubi. Na sa. Wandon ya rinjaya gefe guda, aljihun ya kumbura kamar na saci mangwaro. Na ɗan taka, tana dukan cinyata.

"Buɗe ta mu ji," in ji ta.

Na danna, ruwan ya yi tsalle ya fito da ƙara, ƙwas! Wani mutum da ke duba alƙaluma a gefe ya waiwayo a firgice, ya matsa.

"Ka gani? A daji wannan sarauniya ce. A ɗakin taro kuwa kafin ka yanke igiya an kira maka 'yan sanda."

Abin da nake nema ke nan. Da ina da hankali da a nan na ce a naɗe mini ita. Amma da na juya ta a hannu sai na ji ruwan yana ɗan girgiza a mahaɗarsa, kaɗan dai, irin wanda ba kowa zai lura ba. Ni kuwa abu mai girgiza yana tsaya mini a rai kamar tsakuwa a takalmi.

"Mama, wannan ai mahaɗarta ta saki."

Ta ɗaga tabarau ta ɗora a hanci, ta dube ni da kyau.

"Au, ashe kana da hannu. To tsaya."

Ta sunkuya ta jawo wani faranti mai shimfiɗar ƙyalle daga ƙarƙashin kanta. Wuƙaƙe ne ƙanana a jere, babu wadda ta wuce tsawon yatsa in an ninke ta. Na ce a raina kallo kawai zan yi.

Ta fara ba ni wata ta ƙarfe zalla, siririya kamar alƙalami. Kyau kam akwai, amma santsi gare ta, na ce in hannu ya jiƙe da ruwan lemo za ta zame. Ta gyaɗa kai. Ta ba ni wata mai 'yar maƙala a baya da ake soke ta a bakin aljihu. Na ce maƙalar za ta riƙa leƙowa, kowa ya san kana ɗauke da wuƙa, kuma za ta cinye bakin aljihun kwat. Ta ce haka ne, wuƙar ofis ba a sanin tana nan sai an buƙace ta. Akwai wata mai ado, ruwan zinariya har a kan ƙusoshinta, ita da kanta ta janye ta, ta ce wannan ta masu son a tambaye su ce a ina suka saya. Wata kuma mai kayan aiki barkatai, almakashi da abin buɗe kwalba da abin sakace, ta yi kauri kamar sabulu.

"Ruwan fa?" na tambaya. Ni da na zo ɓata zaɓe, ga ni ina tambaya.

"Ka nemi wanda ba ya tsatsa, tunda lemo za ta sha. Mai baƙin ƙarfe ya fi kaifi, amma rana ɗaya ka manta ba ka goge ba sai ya yi dabbare-dabbare, ka ji kunya gaban baƙi. Tsinin kuma kada ya cika tsini. Wanda ya ɗan sunkuyar da kai ya fi, yana shiga ƙarƙashin igiya ba tare da ya huda abin da ke cikin kwali ba."

Sai ta ɗauko wata daga can gefe. Mariƙinta na ƙaho ne, ruwan zuma da ratsin baƙi, gefunan a goge sumul, babu kusurwar da za ta ci shafin aljihu. Ba ta da maɓallin da ake dannawa, sai ɗan tsagi a jikin ruwan inda farce ke shiga.

"Wannan da hannu biyu ake buɗe ta," in ji ta. "Mutumin da ya sa hannu biyu ya buɗe wuƙa a hankali, kowa ya san aiki zai yi, ba faɗa ba."

Na sa farce na ja. Ruwan ya taho a natse, ya ɗan tsaya a rabi kamar mai neman izini, sannan ya ƙarasa ya zauna ba tare da ƙara ba. Na girgiza shi, ko motsi. Na ninke, na jefa a aljihu, na je gaban madubi. Babu alama. Na taka, ban ji ta ba. Ta miƙo mini wani guntun igiyar roba irin ta ɗaure kwali, na ɗora ruwan a kai, kafin in danna ta rabu biyu. Ban san lokacin da murmushi ya kuɓuce mini ba.

"Wannan ita ce," na ce. Kayan nake yabo, Allah ya sani, ba zaɓe nake yi ba.

"Ni ma ita na yi maka zato. Kawo in goge maka ita. Zauna ga shayi."

Ta shige bayan labule. Ina kurɓar shayi ina shirya yadda zan ce mata a ajiye tukuna sai na yi shawara, sai na ji wani ɗan inji yana zuuu kamar sauro. Ban kawo komai a raina ba. Da ta fito ta ɗora mini wuƙar a tafin hannu, sai ga haruffan farko na sunana a kan ɗan ƙarfen da ke gindin mariƙin, ƙarƙashinsu tambarin kamfanin Kawu.

"Mama! Ai ban ce..."

"Haka nake yi wa ta gidanku, ɗana. Ta wanda ya gabace ka mijina ne ya zana, ina tsaye. Kawunka ya ba ni sunan tun shekaranjiya." Ta dubi fuskata. "Ko ba ka so ne?"

"A'a, ta yi kyau."

"To madalla. Dama mai suna ba ta komawa cikin faranti."

Na fito titi rana ta dake ni, ina tafe ina zagin kaina. Wuƙar da ba a jin nauyinta, ni dai na ji shi har ofis.

A gida ban nuna wa matata ba. Na ce mata ina kan hanya, Juma'a zan gama komai, ta kwantar da hankalinta. Ta ce Allah ya sa. Laraba na je ofishin Kawu, sakatariya ta ce ya fita. Alhamis na same shi, amma akanta na ciki, ga waya tana ta ƙara, ya ɗaga mini gira kawai ya ce, "Matar ta ce kana da ido." Dogo kuma ya kira har sau biyu yana cewa, "Mutumina, me kake jira? Na sa bakina a maganar nan fa." Na ce masa gobe, in Allah ya yarda, kafin a tashi.

Na yanke shawara. Ranar Juma'a zan zauna a inda na saba, can ƙarshen tebur kusa da ƙofa. Wuƙar ba za ta fito ba. In baƙi sun tafi in ajiye masa ita a kan tebur in faɗi maganata, ko zai tsine mini ne. Da safe na gaya wa matata haka, har na rantse. Ta gyara mini wuyan riga, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Masu ginin otal su uku suka zo, da wani babbansu mai furfura a gemu wanda ba ya dariya. Ciniki ne babba, irin wanda kamfani ke jira shekara guda. Kawu na zaune a kujerarsa ta shugaban taro, kujerar damansa babu kowa. Da na shigo ya dubi kujerar, ya dube ni. Na yi kamar ban gani ba, na wuce ƙarshen tebur na zauna. Akanta ya sunkuyar da kai. Sakatariya ta kalle ni kamar na taka Alƙur'ani.

Aka yi gaishe-gaishe, aka shiga magana. Can babban baƙon ya ce a nuna musu samfurin da aka yi musu alkawari. Aka shigo da kwalin aka ajiye a gaban Kawu, an ɗaure shi tam da igiyar roba, an bi bakinsa da salatif.

Kawu ya juya kai dama, kamar yadda ya saba. Babu kowa. Ya ɗan jima a haka. Na kafa idona a kan tebur, ina ce wa kaina ka daure, minti ɗaya ne, wani zai tashi ya nemo almakashi. Babu wanda ya tashi. A kamfanin nan ba a taɓa tsallake kujerar dama an taɓa abin da ke gaban Kawu ba, ko akanta bai isa ba.

Sai Kawu ya ɗago hannuwansa daga kan cinya ya ɗora a kan kwalin.

Rabon da in ga hannuwan nan a fili har na manta. Rawa suke yi. Ba 'yar rawar tsufa ba, karkarwa sosai, yatsun suna bugun kwalin ƙaf-ƙaf-ƙaf kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ya kama igiyar, ta kuɓuce. Ya sake kamawa, ya danne hannu ɗaya da ɗayan, duka biyun suka ci gaba da rawa tare. Zufa ta tsatsafo masa a goshi. Babban baƙon ya dubi hannuwan, ya dubi na kusa da shi, na kusa da shi ya rufe alƙalaminsa.

Hannuwan nan su suka riƙe ni a maƙabarta. Su suka koya mini ɗaura igiyar takalmi. Ashe duk shekarun da muke dariyar isa, abin da Na-Dama yake rufewa ke nan da 'yar wuƙarsa.

Ban san na tashi ba. Na dai tsinci kaina a gefensa ina cewa, "Kawu, bari, ai wannan aikina ne, yi haƙuri na makara." Na sa farce na buɗe wuƙar da hannu biyu, na zura tsinin ƙarƙashin igiyar, ta rabu. Na bi salatif ɗin, na buɗe kwalin, na fito da tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya ina jera wa baƙi, ina ta zuba bayani a kan kauri da ƙyalli da yadda ba ya santsi in ya jiƙe, don dai idanu su bar kan Kawu su dawo kaina. Hannuwansa suka koma ƙarƙashin tebur. Da na gama na nemi wurin zama, kujerar da ke bayana ita ce ta dama. Na zauna, tunda ba zan tsaya a kan mutane ba.

Aka kawo lemo, na fere. Babban baƙon ya karɓi nasa, ya dubi wuƙar ya ce, "Kyakkyawa." Sannan ya ce wa Kawu, "Ashe akwai mai riƙe gidan. To mu da wa za mu riƙa magana, da shi?"

"Da shi," in ji Kawu. "Ɗana ne."

Bayan an raka baƙi kowa ya watse, muka rage mu biyu. Ɓawon lemo na gabana a faranti. Na goge ruwan wuƙar da hankici na ninke, na ajiye ta a kan tebur tsakanina da shi. Agogon bango ya nuna an kusa tashi.

"Kawu..."

Wannan karon bai katse ni ba.

"Na san maganar," ya ce, muryarsa a ƙasa. "Mahaifiyarka ta gaya mini tun makon jiya. Madatsar ruwa ko? Aikin da ka karanta."

"E, Kawu."

"To ka tafi. Wallahi ban riƙe ka ba. Na ɗauke ka ne don Allah, ba don ka biya ni ba."

Da ya yi faɗa, da ya ce na ci amana, da na samu abin da zan dafa in miƙe. Ban taɓa jin haushin kirkin mutum irin na ranar ba.

"Tun yaushe hannun yake haka?"

"An daɗe. Da ɗan kaɗan ne, bana ya ƙaru. Likita ya sani, Na-Dama ya sani, yau kai ka sani. Ko a gida ni kaɗai nake cin abinci, suna cewa girman kai ne." Ya yi ɗan murmushi. "In kasuwa ta ji, yau wannan ya janye, gobe wancan. Mutum nawa ke ci a gidan nan, ka fi ni sani. Amma wannan ba damuwarka ba ce. Zan nemi wani."

"Wa?"

Ya kai hannu zai ɗauki kofin ruwa, kofin ya fara kaɗawa, ruwan ya zube a kan hannun rigarsa. Ya ajiye, ya kau da kai yana kallon bango. Na ɗauki kofin na kai masa baki. Ya sha, idonsa a rufe.

Na ɗauki wuƙar na mayar aljihu. Bai ce na gode ba, ni ma ban so ya ce ba.

A ofishina na kira Dogo, ban ko kunna fitila ba. Na ce masa ya ba wanda ke jira a layi aikin. Ya yi ta faɗa, ya ce na ba shi kunya, ya ce zan tsufa ina auna banɗaki. Na ce duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ya tambaye ni dalili, na ce ba zan iya faɗa ba. Wannan ma wani sabon ɗauri ne, abin da na gani ba na kowa ba ne, ko matata ba ni da izinin gaya mata.

Na isa gida rana na shirin faɗuwa. Ƙofar falo ta ƙi buɗuwa sosai, da na tura sai na ga dalili. Kwalaye ne ko'ina, an jera su har kan kujeru, kowanne an ɗaure shi da igiya gam, an rubuta abin da ke ciki a gefe. Labule babu, hotunan bango babu, sai ƙusoshi. Yara suna ta tsalle a kan katifa da aka naɗe, ƙaramar tana ihu, "Abba, za mu ga kogi!"

Matata ta fito daga kicin, ɗankwali a ɗaure a ƙugu, ƙura har a girarta, tana murmushi.

"Tun da ka fita nake yi. Na ce tunda ka rantse..."

Ta tsaya. Ta dubi fuskata, ta daɗe tana duba. Murmushin ya tafi a hankali. Ba ta tambaye ni komai ba, kuma da ta tambaya da ya fi mini sauƙi. Ta kori yara ɗaki. Sannan ta sa ƙafa ta turo wani kwali gabana.

"Tukwane na cikin wannan, yara ba su ci komai ba. Na ɗaure shi da yawa, ba zai kwantu da hannu ba." Ta miƙe tana kallon aljihuna. "Tana nan ai, ko?"

Na ce tana nan.

"To yanke."

Na durƙusa a tsakiyar falon, na sa farce na buɗe ta. Tana tsaye a kaina har na gama da wannan kwalin, sannan ta turo na biyu.